Ranar da Na Shafe Rijiyoyin Buji

Ƙarar da ta fi zama a kunnena daga wannan shekarar ita ce ta faifai idan kwamfuta tana karanta shi. Ƙirr, ƙirr, sai ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta sake. Tare da ƙarar akwai warin man janareta da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yana gauraya da ƙamshin man shafawar Anti Rahila. Ofishinmu gidan haya ne mai ɗaki uku a Dutse, shekaru kaɗan bayan an ba mu jiha, lokacin da rabin ma'aikata ke kwana a Kano su yi sammakon zuwa aiki. Falo shi ne wurin ajiye fayil. Ɗakin da ya kamata ya zama na matar gida shi muke kira ɗakin kwamfuta, kuma ba a shigarsa da takalmi. Kwamfutar guda ɗaya ce tak, idan an tashi aiki a lulluɓe ta da mayafin da Anti Rahila ta saƙa mata da hannunta.

Kun taso kuna jin kawunku Sani yana cewa an zalunce ni a wurin aiki, an hana ni tafiya kwas Kaduna saboda ba ni da kowa a sama. Ya faɗa sau da yawa har shi kansa ya yarda. Ni kuma na yi shiru, don labarin nasa ya fi nawa daɗin ji. Yanzu da gashina ya fara fari, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina. Babu wanda ya zalunce ni.

A lokacin ina 'yar shekara ashirin da 'yan kai, sabuwar fitowa daga makaranta, kaina cike da waƙoƙin da nake rubutawa a bayan takardun da aka zubar. An ɗauke ni a sashen ƙididdiga na wani shirin samar da ruwa. Za a haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan yankin Kiyawa da na Buji, amma ba za a iya yi wa kowa ba, don haka aka tura jami'ai biyu su zagaya ƙauye-ƙauye su rubuta halin da kowace rijiya ke ciki: zurfinta, watan da take ƙafewa, nisan da mata ke yi kafin su sami ruwa. Kowane jami'i ya cika takardunsa, sannan ya shigar da su a kwamfutar aro, ya kawo mana a faifai. Abin da ke cikin faifan shi ake kira rumbun bayanai, ni kuwa sunan ya yi mini daɗi tun ranar farko, don da gaske kamar rumbu yake. A cikinsa akwai jadawalai, kowanne da sunansa, kamar buhunan da aka rubuta wa suna a gefe. Aikina shi ne in zuba rumbun Buji da na Kiyawa wuri ɗaya, in sa kwamfuta ta jera ƙauyukan, wanda ya fi ƙishirwa a sama. Da wannan jerin za a je taro a zaɓi inda za a haƙa. An kuma riga an sa sunana cikin masu tafiya kwas na wata shida a Kaduna da zarar an gama.

Kwamfutar wancan zamanin ba ta karɓar sunan da ya wuce harafi takwas. Jami'an nan biyu kuwa malami ɗaya ya koyar da su, a aji ɗaya, da misali ɗaya a allo. Saboda haka kowannensu ya koma yankinsa ya raɗa wa jadawalinsa RIJIYA. Babu wanda ya rubuta sunan yanki a ciki, don kowa ya san inda yake aiki. Muddin faifan nan biyu suna aljihu daban-daban, babu matsala.

Ranar Laraba ce, cikin bazara, zafi har dutse yana tururi. Malam Haruna, jami'in Buji, ya kawo nasa faifan da safe na kwafe shi. Da rana na Kiyawa ya iso, na saka shi. Kwamfuta ta tsaya ta yi mini tambaya: akwai jadawali mai wannan suna, a maye gurbinsa? Na san ma'anar tambayar sarai. Sai dai kullum nakan gan ta sau goma idan ina gyara wasiƙa, kuma kullum amsarta e ce. Idona yana taga, ina kallon wata shirwa da ke shawagi a kan duwatsu, ina neman kalmar da za ta rufe mini baiti. Yatsana ya danna e shi kaɗai. Faifai ya yi ƙirr ɗinsa, ya yi shiru. Rijiyoyin Kiyawa suka zauna a mazaunin na Buji, babu ƙara babu gargaɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma faya-fayai kaɗan gare mu, kuma al'adar ofishin ita ce da an kwafe faifai a goge shi a mayar wa mai shi ya ci gaba da aiki. Malam Haruna yana bakin ƙofa, hularsa a hannu.

"Malama Hajara, a taimaka mini da faifan, in kama hanya kafin babur ɗin nan ya canza shawara."

Na goge shi tas, na miƙa masa, har ina yi masa fatan sauka lafiya.

Washegari na buga jerin a takarda. Ya fito tsaf, layi bayan layi, babu abin da zai sa mutum ya yi zargi. Ina da wata ɗabi'a da Anti Rahila ke yi mini dariya a kai: ina son karanta sunayen ƙauyuka a bayyane, a hankali, don ni a kunnena waƙa ne. Wannan an sa masa sunan bishiya, wancan sunan mutumin da ya fara sare dajin, wani kuma sunan tafkin da ya ƙafe tun kafin a haifi kakanninmu. Ina karantawa ina jiran in iso Kukar Dije, ƙauyen da Gwaggo Laure, ƙanwar Baba, take aure a yankin Buji. Na yi hutu a can ina ƙarama. Na san rijiyarsu, wadda ake ɗaura wa guga igiya uku a bazara, ya fito da rabin ruwa rabin taɓo. Na tabbata tana cikin na sama. Na kai ƙarshen takarda ban gan ta ba. Na koma farko, wannan karon da yatsa. Sai na lura duk sunan da na sani na gefen Kiyawa ne. Na buɗe rumbun, na ga RIJIYA guda ɗaya tak tana kallona.

Ban faɗa wa kowa ba. Na lulluɓe kwamfuta, na sa takalmina, na hau acaɓa zuwa gida.

Bayan la'asar muna tsakar gida. Inna tana tsinke zogale a faranti, Baba, wanda ya yi ritaya daga hedimasta, yana kan tabarmarsa rediyo a gefe, Yaya Sani ya dawo daga shagonsa yana wanke ƙafa. Na yi ta juya maganar a baki har ta fito.

"Inna, na shafe rijiyoyin Buji."

Ta ɗago ta dube ni. "Kin shafe rijiya? Da me, da tsintsiya?"

Na yi bayani iya ƙoƙarina. Na ce kamar buhu biyu ne, duka an rubuta gero a jikinsu, na ɗauka ɗaya ne, na zubar da na farko na ajiye na biyu a wurinsa.

"To ke da kika yi makaranta har kika gaji, ba ki buɗe buhun kin leƙa ba?" in ji Inna.

Yaya Sani ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya rage murya kamar akwai ɗan sanda a zaure.

"Tsaya. Wa ya sani?"

"Ni kaɗai."

"Takardar ta nuna wane ƙauye na wane yanki ne?"

"Ba ta nuna ba."

"Masu taron sun san ƙauyukan?"

"Yawancinsu baƙi ne."

"To me kike kuka a kai? Ki miƙa takarda. Kafin wani ya farga an raba aiki, ke kina Kaduna. In an tashi bincike a ce faifan Haruna ne ya lalace. Faifai ai kullum lalacewa yake yi."

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Na riga na ɗinka kaya kala biyu saboda Kaduna. Na riga na ga kaina a ɗakin karatu mai fanka, da littattafai har rufi. Kuma abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne, zai yiwu sarai. Baba ya kashe rediyonsa, abin da ba ya yi sai don sallah.

"Takardun da Haruna ya cika da hannu suna nan?"

"Suna cikin kwali a ofis, Baba. Amma ni sai na yi mako ina bugawa, kuma Litinin za a miƙa jerin."

Ya gyaɗa kai. Bai ce in yi kaza ba. Shi dama haka yake, ko ɗalibansa ba ya ba su amsa. Cewa kawai ya yi, "Laure ba ta san akwai wata aba wai ita kwamfuta ba. An zo an auna rijiyarsu, an ce su jira. Jira take."

Inna ta kakkaɓe zaninta ta tashi da farantin. A bakin madafa ta juyo.

"Ki tafi Kadunarki. Amma in Laure ta zo gidan nan da sallah, ke za ki miƙa mata ruwan sha, ba ni ba."

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa ofis sai Anti Rahila. Ita ce babba a ɗakin kwamfuta, mutuniyar ƙasar Filato, ta yi shekaru tana aikin sakatariya kafin a kawo injin. Mijinta yana sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha. Ta girme ni da kusan shekara ashirin, kuma tun ranar da na fara aiki ta mai da ni ƙanwa, tana kawo mini dankalin turawa duk sanda ta je gida. Na tsaya a gabanta na faɗa mata komai, har da shirwar. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Kai, Hajara. Kai, ƙanwata. Tsuntsu?"

"Tsuntsu, Anti."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta kama hannuna. "Zo mu je wurin oga tun bai sha shayi ya yi ƙarfi ba."

Alhaji Sabo, shugaban sashenmu, mutum ne mai son tsari, wanda ko biro a teburinsa yana da wurin kwanciya. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya tambaya ko wani ne ya gano ya tilasta mini zuwa. Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya dubi kalandar bango.

"Taro ba zai ɗaga saboda ke ba. Ranar Litinin zan miƙa abin da ke hannuna, in rubuta a kai cewa babu Buji, su jira zagaye na gaba, in akwai shi. Kwas kuwa ki manta da shi. Ba zan tura wadda ke danna e ba ta duba ba."

Na roƙe shi ya bar ni in zo Asabar da Lahadi in buga ko rabi ne.

"Kada ki sake taɓa injin nan sai na ce. Madam Rahila, ki kulle ɗakin, makulli ya zauna a wurinki."

Kwana biyun nan ban san yadda suka wuce ba. Na faɗi gaskiya, na rasa Kaduna, kuma duk da haka Kukar Dije ba ta dawo takarda ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Yaya Sani yana wucewa yana girgiza kai, yana cewa ga shi nan, an yi asarar biyu. Inna kuwa ranar Asabar ta dama mini kunun tsamiya, wanda ba ta yi sai mutum ba shi da lafiya. Na ninke kayan da na ɗinka na sa a ƙasan akwati.

Ranar Litinin na tarar da ɗakin kwamfuta a buɗe, janareta yana aiki. Anti Rahila tana zaune, ta ɗaga wani faifai sama tana kaɗa shi kamar mafici.

"Tsufa ba daɗi, ƙanwata. Ɗazu ina neman allura a durowar nan, sai ga wannan. Ashe ranar da Haruna ya kawo nasa, da kika fita alwala na yi kwafi na jefa a ciki, na manta sam."

Na zauna a ƙasa, a kan siminti. Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini gefen gyalenta. Wani nauyi da na kwana huɗu ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka gaba ɗaya, har na ji iska tana shiga wuraren da ta daina kaiwa. Alhaji Sabo ya leƙo, aka faɗa masa, ya ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ya tuna yana fushi ya ɗaure fuska. Ya yarda in zauna a gefe in duba, amma Madam ce za ta danna.

Wannan karon mun yi shi yadda ya kamata tun farko. Kafin mu zuba komai wuri ɗaya, muka sake wa kowane jadawali suna, muka sa masa harafi biyu na yankinsa a gaba: BJRIJIYA da KYRIJIYA. Harafi takwas cif, kamar an auna. Muka ƙara gurbi a cikin kowanne muka rubuta sunan yankin a gaban kowane ƙauye, don ko an gauraya su a san asalin kowa. Sannan muka buɗe sabon jadawali na uku, fanko, muka zuba su ciki ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauko kwalin takardun Malam Haruna da na abokin aikinsa na ƙirga su da hannu, Anti ta ƙirga layukan kwamfuta, lissafi ya zo daidai. Da injin buga takarda ya fara kukansa, na tsaya a kansa ina karanta sunayen suna fitowa. Kukar Dije ta fito a shafin farko. Na karanta ta a bayyane, na sake karantawa.

"To mawaƙiya, a bar mu mu ji da kunnenmu," in ji Anti.

A ranar na yanki kwali na rubuta dokoki uku da babban baƙi, na manna a bango saitin kwamfuta: kowane jadawali da harafin garinsu, ba a goge faifai sai an ƙirga, in inji ya yi tambaya, a karanta. Alhaji Sabo ya tsaya ya karanta su, ya ciro biro ya gyara mini waƙafi ɗaya, ya wuce. Daga baya, da aka ƙara mana yankuna har da su Aujara, jami'ai suka riƙa kawo faya-fayansu da harafin gari a gaba ba tare da an tuna musu ba.

Bayan damina aka haƙa wa su Gwaggo Laure rijiyarsu. Da ta zo da sallah ni na miƙa mata ruwa, ta sha, ta yi ta ba mu labarin yadda famfon ke kawowa ko yaro ya taɓa shi. Ba ta san komai ba, ban kuma faɗa mata ba. Kwas kuwa wani abokin aikinmu aka tura, ya dawo ya zama shugabana na shekaru. Ban taɓa zuwa Kaduna karatu ba. Ƙarin girma ya zo mini a makare, kuma akwai ranakun da abin ya yi mini ciwo, musamman idan na ga ana tambayarsa abin da ni ce zan ba shi amsarsa a ɓoye. Amma ban taɓa kwana ina tsoron a buɗe wani tsohon fayil ba.

A shekarun da aka fara aiki da shari'ar Musulunci, Anti Rahila da mijinta suka koma gida. Babu wanda ya yi musu komai a Dutse, ta sha faɗa mini haka, amma 'yan'uwansu sun dame su da aike, mijin kuma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Na raka ta tasha, ta bar mini tukwanenta biyu da injin ɗinkinta. Mun yi wasiƙa sau uku ko huɗu, sai rayuwa ta shiga tsakani. Labarin rasuwarta ma a bakin wani direba na ji shi, bayan an yi wata biyu.

Shekaru da yawa bayan haka, 'yata Maryam tana goye a bayana, na haɗu da Malam Haruna a wurin wata ta'aziyya. Ya tsufa, ya bar hawa babur. Muka gaisa, hira ta kai mu kan Anti, na ce ba zan manta da ranar da Allah ya sa ta yi kwafin faifan nan ba. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai.

"Malama Hajara, ai babu wani kwafi."

Na ce ban gane ba.

"Ranar Juma'ar nan mijinta ya zo har Buji ya same ni. Asabar da sassafe muka buɗe ɗakin. Ni ina karanto takardu, ita tana bugawa, ƙauye bayan ƙauye, ba ma tashi sai in zan yi sallah. Lahadi ma haka. Ita ce mai ba da waƙa a cocinsu, kuma ranar ake yi wa ɗanta na fari baftisma. Ta aika a ce ba ta da lafiya. Da muka gama ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa miki ba muddin tana raye. Ta ce yarinyar ta riga ta biya nata, kada a ƙara mata da nauyin godiya."